Na ɓoye wa Baba cewa na'urar ƙuna take yi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a zage ni, ni ma na zagi kaina ya isa.

Mahaifina ladani ne a unguwarmu a Kazaure. Bara muryarsa ta dishe, numfashi ya fara yi masa wuya, aka ce tsiro ne a maƙogwaro. Da taimakon ma'aikatarmu na kai shi Ingila. Likitan ya ce suna da sabuwar na'ura mai suna lesa, haske ne mai tsananin zafi da ke ƙone tsiron ba tare da an yanka wuya ba. To ga matsalar: tun da ƙanena ya rasu bayan an yi masa sakiya da ƙarfen da aka gasa a wuta, Baba ya rantse wuta ba za ta ƙara taɓa jikin kowa a gidansa ba. Ni ne tafinta. Ya dube ni ya ce, "Me Baturen ke cewa?" Na ce, "Baba, fitila ce kawai za a haska, tsiron ya bushe." Ya ce, "Babu ƙuna?" Na ce babu. Me kuke so in ce? In dawo da shi gida ina kallo numfashinsa ya ƙare?

Aiki ya yi kyau, har ya koma kiran salla. Yanzu dishewar ta dawo, dama likita ya ce irin tsiron yakan sake fitowa, sai an maimaita. Ina tsaka da shirin tafiya, sai wani malamin asibiti mai shegen surutu ya je gaishe shi, ya zauna yana ba shi labarin yadda na'urar ke ƙona nama har da hayaƙi. Wa ya aike shi? Haushi kamar ya kashe ni.

Jiya Baba ya kira ni, da ƙyar maganar ke fita. Ya ce, "Na faɗa wa malamin asibitin nan ɗana ba ya yi mini ƙarya. Ranar Juma'a ka zo ka dafa Alƙur'ani a gabansa cewa babu ƙuna, ya ji kunya."

In na dafa, na yi rantsuwar ƙarya. In na faɗi gaskiya, na san halinsa, ba zai sake shiga jirgin nan ba, ga numfashin kullum raguwa yake. Jibi ne Juma'ar. Jama'a, me zan yi?