Kujerun Lambu Sun Shiga Sito

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jiki? Ya hannun da ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Babba da matarsa da jikoki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta rasa abin cewa.

Babba ya ce waya tana gajiyar da kai tunda harshen bai gama sakewa ba, likita kuma ya ce a riƙa karanta maka abu. Shi ya sa na ɗauko biro. Surukata, ke za ki karanta, ki yi haƙuri da rubutun tsohuwa.

Hadari ya fara haɗuwa, jiya har an yi yayyafi. Na tuna yadda kake tayar da mu duk shekara kamar sojoji, kana cewa ruwa ba ya sallama kafin ya shigo. Sai na kira Auta ta bar mijinta da yara ta zo muka kwashe kayan lambu. Mun wanke kujerun ƙarfen, mun shanya su, na shafa musu baƙin mai a gaɓoɓi yadda kake yi, don tsatsa. Teburin katako mun ɗora shi a kan bulo saboda gara. Matasan kujeru suna cikin leda a saman kabad. Babbar laimar nan ta datse mini yatsa wajen naɗewa, na zage ta, Auta tana ta dariya wai da kana nan da ka ce laifin yatsan ne.

Tiyon ban ruwa ya ba ni wahala. Kai kana naɗe shi ya kwanta luf, ni kuwa nawa ya fito kamar hanjin rago. Injin yanke ciyawa ban taɓa shi ba. Maƙwabcinmu Direba ne ya zo ya tsiyaye man, ya goge wuƙar. Ya ce in gaya maka bai sami abokin musu ba tun da ka tafi, bakinsa har ya yi tsami. Na tuna masa cewa kai ba ka musu, ai shi ke yi kana jinjina kai.

Da muka rufe sito na juyo, sai na ga tsakar lambu fayau. Babu komai sai sawun ƙafafun kujeru a ƙasa. Na daɗe a tsaye. Auta ta ce, "Mama, mu shiga, za ki jiƙe." Na shiga.

Ka ci abinci, ka yi motsa jikin da aka ce, kada ka yi musu taurin kai. In damina ta wuce kai za ka fito da kayanka, ni na yi nawa.

Taka,
Uwar yara


Maigidana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. An ce yanzu kana takawa da sanda daga gado zuwa taga. Alhamdu lillahi. Surukata, wannan wasiƙar akwai maganar mijinki a ciki. Ki karanta duka, kada ki tsallake layi.

Babba ya zo ranar Asabar, ka sani. Abin da ban tabbata ka sani ba shi ne bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da dillali, wani mai tumbi da ƙamshin turare, yana auna katanga da ido tun kafin ya gaishe ni. Ya leƙa ɗakuna, ya zaga baya, sannan ya ce a buɗe masa sito. Na buɗe, don ban gane inda aka dosa ba. Ya taɓa baro da ƙafa, ya ɗaga almakashin da kake datse furanni, ya ce, "Hajiya, waɗannan tarkacen a haɗa su da gidan, ba sai kin wahala ba."

Na karɓe almakashin daga hannunsa, na ce ya fita. Na datse kwaɗo na sa makulli a bakin zani.

Bayan ya tafi na juya kan ɗanka. Na ce, ubanka yana da rai kake raba gadonsa? Na faɗi abin da ya fi haka ma. Ya zauna a bakin baranda ya rufe fuska. Rabon da in ga hawayensa tun yana ɗan makaranta. Ya ce, "Mama, ni nake kai shi asibiti. Ni likita yake gaya wa gaskiya. Baba ba zai sake tura baro ba. Matakalar gidan nan ma ba zai iya ba, asibitin da ke duba shi kuma yana can. Ke kina nan ke kaɗai kina gadin kujeru, shi yana can yana kallon ƙofa."

Na dafa masa abinci ya ci, muka rabu ba daɗi.

Tun daga ranar ruwa bai ɗauke ba. Kwanon sito ya fara yoyo ta kusurwar da shebur da manjagara suke, na ja su gefe na tara bokiti. Kullum da safe sai na shiga na zubar da ruwan, na duba ko gara ta hau. Wurin yana warin mai da ƙasa, warin rigarka ta aiki. Ba na saurin fitowa.

Na zauna ne don na ɗauka wata ɗaya za ka yi, kuma ba a barin gida babu kowa. Na ce in ka dawo ka tarar da komai yadda ka bari. Yanzu ban san me nake tsarewa ba. Kai ka dasa kowace bishiya a gidan nan, ba zan yanke hukunci a bayan idonka ba, Babba ma ba zai yanke ba. Ka faɗi abin da kake so, ko da ɗaga kai ne, su gaya mini.

Taka,
Uwar yara


Maigidana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. An ce yanzu da kanka kake karantawa, ka hana kowa taɓa takardar. To madalla, yau babu kunyar suruka.

Saƙonka ya iso. Da na ga ambulan na ɗauka jika ne ya yi zane, sai na lura hannun hagunka ne. Layin ya karkace ya gangara har gefen takarda, amma na karanta: "Ki rufe sito ki zo. Ba lambu nake kewa ba."

Mutumin nan, shekara da shekaru muna tare ba ka taɓa gaya mini irin wannan da baki ba, sai da bakin ya ƙi. Na zauna a kicin na yi kuka har shayina ya huce. Ni ma ba na barci sosai. Ina dafa abincin mutum biyu in rasa yadda zan yi da saura. Wani lokaci in ji tari a waje in miƙe, ashe Direba ne ta bayan katanga.

Ga abin da na yi. Na kira kafinta ya toshe yoyon, na lulluɓe kayan da tampol. Injin ciyawa na ba Direba ya riƙa amfani da shi, ya ce inji in ya zauna mutuwa yake yi. Makullai suna hannun Auta, mijinta zai riƙa leƙowa. Maganar sayarwa na gaya wa Babba a ajiye ta sai na zo mun zauna mu uku, kana wurin. Mun shirya da shi, har ya tsokane ni wai dillalin har yanzu yana tsoron unguwarmu.

Zan taso ranar Alhamis da motar safe. Ka sa a aske maka gemu, Auta ta nuna mini hotonka, ban yarda da shi ba. Kada ka tsaya a taga kana jira, ka zauna, zan same ka inda kake. In na shigo kuma harshen ya ƙi, kada ka takura kanka. Dama can ni nake yi mana magana mu biyu.

Taka har kullum,
Uwar yara