Jan Fenti a Jikin Tsamiyar Maƙabarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam, maigidana, uban 'ya'yana, wanda ya riga ni kwanciya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya makwanci? Ni ce dai tsohuwarka. Kada ka yi wa rubutun dariya. Na san ka sha cewa yaƙi da jahilcin da na yi bai koya mini komai ba sai tonon kaji a takarda. To yau kazar ta tono maka labari, kuma ba mai daɗi ba ne.

Malam, ruwa ya sake biyo mu.

Ka tuna tashinmu na farko, da aka datse kogi a Ƙaraye ruwa ya hau gonakinmu, muka ɗora komatsai a jakuna muka yo ƙasar Beli. Kai ka zaɓi wurin nan da kanka. Ka buga sandarka a ƙasa ka ce nan ko ruwan Ɗufana ne sai ya yi haki kafin ya iso. Mutane suka ce Malam ya san ƙasa. Ni kaɗai na san tsoro ne ya hawo da kai tudu.

Ko ka manta ranar da muka shiga kwalekwale za mu gaisuwar rasuwa Tudun Kaya? Ka runtse ido, ka damƙe haɓar zanena har muka kai gaɓa. Da muka sauka ka ce zikiri kake yi. Ban taɓa jin zikirin da sai da zanen mace ake yinsa ba, amma na rufa maka asiri har ka koma ga Allah. Yau ne na fasa, masu leƙen wasiƙar nan su sha dariya.

Bana, bayan an gama girbin gyaɗa, wasu mutane suka zo da wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa ta cikinsa. Suna bin gari suna ja wa bango jan layi da fenti. Mu mata muka ɗauka masu rigakafi ne, tunda su muka sani da rubutu a bangon mutane. Na fito na ce musu gidan nan ba jariri sai ni, haƙora ne dai babu, amma na wuce ɗigo. Ba su yi dariya sosai ba. Ɗayansu ma kai ya sunkuyar.

Da maƙwabciyarmu Asabe ta ce har tsamiyar bakin maƙabarta sun shafa wa, na ce to matattu ma an zo yi musu, yau Malam mai gudun allura ba wurin gudu. Muka yi dariya har da hawaye. Na kai zancen gidan suna, na kai shi bakin rijiya.

Sai ranar da ɗanka Garba ya dawo daga taron ƙofar mai gari ya kasa cin tuwo, sannan na ji gaskiyar magana. Layin nan, Malam, iyakar inda ruwa zai tsaya ne. Hukuma ta tsara wani sabon dam a rafin da ke ƙasanmu. Za a riƙe ruwan damina a nan don kada ya riƙa gangarawa gaba ɗaya ya auka wa garuruwan ƙasa, da rani kuma a yi noma da shi. Mu masu rai za a mayar da mu wani tudu. Ku kuma an ce duk wanda ya iya nuna nasa za a duba yiwuwar ɗauke shi. Malamai ma kansu bai haɗu a kan haka ba.

Na so in yi Allah ya isa, bakina ya ƙi. Autarka Hajara can ƙasa take aure. Daminar bara ruwa ya rushe mata ɗaki, ita da 'ya'yanta a ajin firamare suka ƙarasa damina. In ruwan nan bai zauna a kanka ba, a kanta zai bi. Ka gaya mini wanda zan zaɓa.

Kuma wa zai nuna ka? Waɗanda suka ɗauki makararka yawancinsu sun bi ka. Garba yana kudu lokacin, sai ƙasa ya tarar. Ƙaninka Sule yana nan, amma idanu sun tafi. Tudun kabarin damina ta daɗe da shafe shi. Ni kuwa mace ce, iyakata zaure. Na san gefen da kake kwanciya, na san minsharinka ko cikin mutum ɗari, amma ban san inda aka ajiye ka ba.

Jiya bayan la'asar na ce zan je tsintar tsamiyar kunu. Na tsaya daga wajen shingen maƙabarta, ban shiga ba, kada ka yi faɗa. Na ɗaga sandata iya ƙarfina, da kyar bakinta ya taɓa jan layin jikin tsamiyar. Ciki ba komai sai ciyawa tana kaɗawa. Rafin can ƙasa siriri, awaki ma tsallake shi suke. Amma daga bayansa ana jin kukan motocin haƙa, kuma kullum ƙarar matsowa take.

To ga abin da na yanke. Na gaya wa Garba, in Allah ya karɓi abinsa kafin a toshe rafin, kada a kai ni sabon tudu. A sa ni nan cikin shingen, ko ina ne, ba za mu yi nisa da juna ba. Ya ce in daina irin wannan magana. Ba sauri nake ba, kwana na Allah ne. Amma in ruwan ya iso, dole a samu mai miƙa maka haɓar zane.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yalwata shi. Ubangijin da ke riƙe da tudu da ruwa ya sa kada ko sanyinsa ya taɓa ka, ya tsare Hajara da duk na ƙasa, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Amin.

Ka huta lafiya, Malam. Kada ka runtse ido tukuna.

Taka har gobe,
Tsohuwar da ta rufa maka asiri.