Kwana Goma Sha Tara Kana Bakin Ƙofar Asibiti

Ya sanyin idona, inuwar da na zaɓa cikin itatuwa dubu, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasata, matsoracina abin ƙaunata!

Da hannun hagu nake rubuto maka wannan, don na daman yana naɗe, sai ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Yau kwana goma sha tara ke nan da wuta ta tashi a shagon ɗinkinmu, ta cinye kekuna uku, ta lashe min hannu da gefen fuska. Sau ɗaya ka zo. Ka tsaya a bakin ɗaki, ka ga bandeji, ka juya. Ko sannu!

Ka tuna ranar da na kawo maka abinci filin ƙwallon makaranta, kana yankan ciyawa da inji? Wani zomo ya zabura daga gabanka, kafin ƙiftawar ido ya ɓace. Amma 'yar tsuntsuwar nan mai launin ƙasa, wadda ke yin sheƙa a cikin ciyawa, ta tashi sama da waƙa kullum safiya, ita kwantawa ta yi a kan ƙwanta, injin na ruri a kanta, ko gezau. Ka kashe injin, ka bar mata tsibirin ciyawa a tsakiyar fili, har shugabanka ya yi maka tatas a gabana. Kana share gumi ka ce min zomo ya fi ta ƙafa da girma, amma ita ta fi shi zuciya. A ranar na ce wa Inna na sami miji.

To ina mutumin nan ya shiga? Wa ya sace min shi ya bar min zomo?

Kada ka ce aiki ne ya riƙe ka. Ƙanwarka ta tona maka asiri: kullum da yamma kana zuwa, ka zauna kan benci a bakin ƙofar asibiti, ka sayi lemo, ka ba mai gadi ya kawo min, wai kada ya faɗi daga wa. Haka zomo yake, ya laɓe kusa, ya kwantar da kunne, yana zaton ba a ganinsa. Lemonka na sha ko fuskarka nake nema? Kai kana tsoron kallo, ni da ake wanke wa ciwo kullum safiya ina cizon zani fa? An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wallahi ban yi fushi da wutar ba kamar yadda nake fushi da kai!

Kuma abin haushin, duk takun da na ji a baranda sai in gyara ɗankwali.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma za a kwance bandejin fuskata. Ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba, Inna ta ɓoye madubi. Ba na so in fara ganin kaina a gilashi, a idonka nake so in gani. Ɗaki na ƙarshe, gadon da ke jikin taga. Ka shigo ko kana tsoro. Zan yi maka faɗa har sai muryata ta dushe, kai kuma ka zauna ka saurara, ka riƙe min hannun da ya rage lafiya.

In kuwa ba ka zo ba, ni da kaina zan sauko da rigar asibiti in same ka a kan bencin nan, kowa ya gani.

Taka ce ni, da tabo da fushi, har ranar da za a rufe min ido.