Rezon da Ke Faɗuwa Ran Lahadi

Dogon Dutsi, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Abdulrazak, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga babban wanta, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rumaisa'u da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka a hanyoyin da kake bi da mota, ya sa albarka a cikin nemanka. Mu ma nan sai godiya. Ruwa ya zauna, geron gonarmu ta Kore Mairuwa ya wuce gwiwa, ƙanenmu Issa yana can tun makon jiya yana maimai. Matarsa Ma'u tana nan gida tare da mu. Inna ma lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwar nan tata ta hagu da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Dalili kuwa, maganar da zan yi ba ta faɗuwa da murya a gidan nan. Inna tana cewa kunnenta ya yi nauyi, amma a ambaci Abijan a bayan ɗaki ka ga yadda take tsayar da tsintsiya. Shi ya sa na kulle ƙofata na ɗauki biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo maka.

Saƙonka na murya na wancan makon sau uku na saurare shi, kowane saurare kuma raina sai ya ƙara ɓaci. Ka ce akwatin wifi da ka aiko don ka riƙa ganin Inna na mayar da shi nawa. Ka ce in kuwa ba haka ba ne, to ita ce ba ta son ganinka, in fito fili in faɗa maka ka daina wahalar da kanka, ai dama tun yaye aka miƙa ka wurin Kaka, ba yau ka fara zama baƙo a ɗakinta ba. Shekaranjiya kuma da hoto ya sake tsayawa, ka ce wannan ne kira na ƙarshe, ka kashe ko sallama babu. Na san ka, Yaya, in ka faɗi abu kana aikatawa. Saboda haka ka daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke abin da ka ga dama. Wanda ya kai maka labarin wai ina kwana kallon fim kuma, ina da wadda nake zato, amma wannan maganar wata rana ce.

Gaskiya ne da farko a ɗakina na ajiye akwatin, a ƙasa bayan kabad, don can ne wurin jona wuta yake. A ɗakina rezo, wato ƙarfin intanet ɗin, cike yake, amma da zarar na ƙetare tsakar gida zuwa ɗakin Inna sai sandunan nan na kan waya su zube, ɗaya ta rage tana lilo. Ka tuna makonnin farko, muryarka kaɗai ke zuwa, ita ma a tsinke. Ni kuwa nan take zuciyata ta tafi kan Maikano tela, wanda shagonsa ke manne da bangon ɗakina. Tun da akwatin ya iso na ga bencinsa ya cika da mutane, kowa kai a sunkuye a kan waya. Mutumin da a da sai ƙudaje ke taya shi hira, yaushe ya yi farin jini haka? Na ce lalle rezonmu suke tsotsa ta bango. Na daina amsa gaisuwarsa da daɗi, na kuma karɓo yadina da na kai masa ɗinki ban ce masa komai ba.

Sai na kai kuka wurin Colette, maƙwabciyarmu ta bayan coci, wadda ke aikin sakatariya kuma ta san kan waɗannan abubuwa. Ta zo ta canza mini kod, wato kalmar sirrin shiga akwatin, ta sa wani dogo mai haɗe da lambobi wanda ni kaina sai na duba takarda. Ta buɗe wani wuri a wayarta ta nuna mini cewa wayoyi uku ne kacal ke kan akwatin, tawa da ta Ma'u da ta Issa. Na ce mata mai yiwuwa Maikano ya ga shigowarta ne ya sauka. Ta yi dariya, ta ce ɓarawona ba mutum ba ne, bango ne. Ta ɗauki wayarta tana zagaya gidan a hankali, tana tsayawa tana duba sanduna. Ta ce ginin ƙasa mai kauri irin namu yana shanye rezo, ƙarfe kuma ya fi komai tare shi, ga shi na ɓoye abin a ƙasa, a kusurwar gida, bayan kabad mai madubi, rabin ƙarfinsa titi yake tafiya. Ta ce abu ne mai son sarari da tudu, a sa shi tsakiyar gida, nesa da randunan ruwa da firiji, a miƙar da ƙahonninsa biyu tsaye.

Haka muka yi. Issa ya kafa katako a saman ginshiƙin rumfar tsakar gida, dab da ƙofar Inna, inda ruwan sama ba ya kaiwa, ya jawo wayar wuta muka ɗora akwatin. Rezo ya cika gidan har bakin garka, can ƙofar gida. Lahadin da ta biyo baya kai shaida ne, hoto ya fito tangaran. Ka ce Inna, ta ɗago, kuka haɗa ido, sai ta miƙo mini wayar ta ce ta bar tukunya a wuta. Ni a lokacin ban kawo komai a raina ba, duk da na san ranar Ma'u ce ke girki.

Daga nan abin mamaki ya fara. Litinin zuwa Asabar rezo lafiya lau. Ran Lahadi da safe ma lafiya lau. Amma da an yi sallar la'asar, lokacin kiranka, sai ya faɗi warwas, hoto ya daskare, sai mun kashe bidiyo murya ke wucewa. Da ka ajiye waya da ɗan jimawa kuma sai ya dawo kamar ba shi ba. Lahadi biyu a jere haka. Wace irin cuta ce wannan da ta san ranakun mako? Na koma kan Maikano, na ce ya samo sabon kod. Wa zai ba shi? Na dubi Ma'u, don ƙanwarta na koyon ɗinki a wurinsa. Na tambaye ta, ta rantse, na sake tambayarta, ta yi kuka. Ta ce in ba zargi nake nema ba, in duba tsamiyar bayan gida, ƙila masu wurin ne ba su son abin da aka rataya musu. Na ce mata ban taɓa jin iskar da ke hutu kwana shida ba. Colette ta ce wataƙila mutane ne ke yawa a kan layi ran Lahadi, amma na ga ita ma ba ta gamsu da maganarta ba. Duk wannan ce-ce-ku-ce Inna na zaune tana tsince wake, ba ta tofa ko kalma ba, kuma shirun nan ne ya fara tsaya mini a rai, don ka san Inna ba ta barin shari'a ta wuce ta gabanta.

Shekaranjiya sai na yi dabara. Kullum ni ke shiga ɗakinta da wayar in zauna jiran kiranka, ita kuma ta ce za ta kewaya ta dawo. Wannan karon na shiga, amma na tsaya jikin labule ina leƙe. Yaya, da idona na gani. Inna ta fito daga madafa rungume da babbar kwallar ƙarfen nan ta jerenta, ta waiga dama da hagu, ta jawo turmi ta kife shi, ta dafa ginshiƙi ta hau da wannan gwiwar tata, ta kifa kwallar a kan akwatin. Ina duban wayar hannuna sandunan suka zube. Ashe ranar da Colette ke bayanin ƙarfe tana ji, ta kuma riƙe karatun fiye da ni. Na so in fita, na fasa. Ina zan iya kama uwata a kan turmi? Ta sauko, ta karkaɗe zane, ta shigo ta zauna ta ba wayar gefe, kai kuma ka kira ka faɗi abin da ka faɗa. Duk ta ji.

Jiya da hantsi muna gyaran zogale na tambaye ta. Ta ce ƙadangaru ne ke hawa kan abin, shi ya sa take rufewa. Na ce ƙadangarun ma ran Lahadi suke zuwa? Ta ci gaba da tsige zogalenta har na ɗauka ta yi fushi. Can ta ce, ba ta dube ni ba, wai tun da ta haifi wancan, kai ke nan, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba, haka aka tarbiyyantar da su a kan ɗan fari, ko sunansa bai taɓa fita bakinta ba. Ta ce da yana gida abin da sauƙi, in ya shigo gaisuwa ta dubi ƙasa ko ta dubi ƙofa, in ya juya zai fita ta kalli bayansa ta ƙoshi. Amma wannan gilashin ya kawo mata fuskarsa tazarar tafin hannu, ba ta da inda za ta kai idonta. Ta ce ran nan da hoto ya fito ta ga furfura a gemunsa, ba wanda ya gaya mata ya yi furfura, sai hawaye ya kawo mata, ta ji tsoro kar ya gani. In an kife kwalla kuwa murya na zuwa, ta zauna ta ji shi son ranta ba wanda ya kama ta.

Wayyo, Yaya. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni. Na ba Ma'u haƙuri, ta karɓa da ƙyar. Na mayar wa Maikano yadina, ya ce shi bai ma san an yi faɗa ba, mutanen bencinsa kuwa inuwar sabuwar rumfarsa suke bi. Na yarda, ko da yake dariyar da ya yi ta yi mini saurin fitowa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yau da safe ta kira ni, ta tambaya wai da gaske wancan ya daina kira ke nan. Na ce haka ya faɗa. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta tambaye ni ko wayar nan ana iya rufe mata ido ɗaya, na gefenmu, a bar na can a buɗe. Na ce ana iyawa. Ta ce to, in haka ne kwallar ta koma jere. Don Allah ka kira ran Lahadi. Za ka ga baƙin allo daga wajenmu, kada ka ce a gyara, kada ka tambayi dalili, kada kuma ka nuna ka san komai, in ba haka ba ni da ita mun ɓata. Kai dai ka zauna inda haske yake, ka yi ta hirarka, kada ka yi saurin ajiyewa.

Ka gaishe mini da Rumaisa'u, da Yasir da ƙannensa, da Malam Ɗayyabu maƙwabcinku. Issa da Ma'u suna gaisuwa, Colette ma ta ce a gaishe ka. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, kamar yadda ka saba. Ta dai tambaye ni ƙarfe nawa ne la'asar a can, kuma kwana nawa ya rage Lahadi.

Ƙanwarka,
Hannatu.