Wa Ke Jiƙa Furen Matata?

Malama, don Allah ki taimaka mini kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ni tela ne. A ƙofar shagona akwai furen yasmin cikin tukunyar ƙasa, marigayiya matata ce ta dasa shi da hannunta. In rana ta yi sanyi ƙamshinsa har bakin titi. Shi kaɗai ya rage mini da nake taɓawa in ji kamar tana nan.

To, wata biyu ke nan ganyen sai rawaya yake yi, furen tun bai buɗe ba yake kakkaɓewa. Ni kuwa maƙwabcina mai aski nake zargi. Ya taɓa roƙona reshe ɗaya na hana shi, ya yi wata 'yar dariya da ban yarda da ita ba. Yana riga ni buɗe shago, kuma kullum na zo sai in tarar da ƙasar a jiƙe. Wa ya aike shi? Me yake zubawa? Mutumin da shagonsa cike yake da kwalabe! Shi ya sa da na iso nake juye bokiti guda a kai, in wanke koma mene ne. Hujin gindin tukunyar kuwa tuni na toshe shi da ƙyallaye, don yana ɓata mini daɓe. Jiya na shinshina ƙasar, wari take. In tare shi ne, ko in kai ƙararsa wurin mai gidan haya?

Tela mai zargi

Malam Tela, Allah ya jiƙan maiɗakinka. Ban ga laifinka ba da ka damu, kuma ba zan rantse maka a kan mai aski ba, tunda ban san shi ba. Amma ba ka gan shi da kwalba ba, bokitinka da ƙyallayenka kuwa da bakinka ka faɗa. Tukunyar da aka toshe ba ta bushewa; ta yiwu jiƙar da kake tararwa ruwanka ne na jiya. Warin nan na saiwar da ta fara ruɓewa ne.

Yau ɗin nan ka zare ƙyallayen, ka sa faranti a ƙasa saboda daɓen. Ka fito da furen, ka datse saiwoyin da suka yi baƙi, ka mayar da shi sabuwar ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, inda hantsi zai same shi. Kada ka ƙara ba shi ruwa sai ka tsoma yatsa ka ji saman ya bushe.

Sannan ka yanki lafiyayyen reshe ka miƙa wa mai aski, ka tambaye shi cikin raha ko yana ba furen ruwa. In naka bai tashi ba, dashen matarka zai ci gaba da ƙamshi a ƙofar da ke kusa da taka. Allah ya raya shi, ya sanyaya maka zuciya.