Madarar da Ta Ƙi Yin Tsami

Daɗin Kowa, Jos

Zuwa ga ƙanwata Klaudiya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara miki ƙarfi a aikin asibiti, ya kiyaye shigarki da fitarki. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta. Ɗanki Gyang ya soma haɗa magana, kowa Mama ne a bakinsa, har da maigidana Dachung. Na ba Cletus direba takardar nan ya kawo miki, domin duk lokacin da kika kira sai bakina ya yi nauyi.

Kin tuna sharaɗin da kika kafa da kika bar mini yaron bayan yaye: ban da madarar gwangwani, sai ta shanu da kayan lambun da ba a fesa wa magani ba. Ban saɓa ba. Karas da kabeji a bayan gida nake cirowa, kunun acca da hannuna nake damawa. Madara kuwa Atine ke kawowa, wata Bafulatana daga rugar da ke hanyar Vom, mace mai tsabta da ban taɓa kama ta da algus ba.

A watan jiya na ajiye ragowar madara ta kwana ta zama nono, sai na tarar da ita yadda na bar ta. Na ce ko sanyin Jos ne, na sake ajiyewa kusa da murhu, nan ma ta ƙi yin tsami. Da na tsare Atine, sai ta ce shanunsu sun jima suna tari suna ramewa, wasu sun mutu, mijinta kuma yana yi wa sauran allurar da ya sayo a kasuwa, ana tatsarsu a haka. Ashe maganin allurar ne ya hana madarar yin tsami. Ta ce 'yarta Kubra ma tari take yi tun damina. Daga ranar Atine ba ta sake zuwa ba.

Na kwantar da hankalina da cewa ai kullum tafasawa nake yi. Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe in na tafi aiki Mama takan ɗiba wa Gyang ɗanyar madara a kofi, wai wuta tana kashe ƙarfinta, kuma da haka ta rene mu. Tana murmushi ta faɗa mini. Ban yi mata faɗa ba, ke ma ina roƙonki kada ki yi.

Klaudiya, Gyang yana tari. Ba mai ƙarfi ba ne, amma ya ƙi tafiya. Ya rage cin abinci, akwai ɗan kumburi a gefen wuyansa, wandon da kika aiko masa yanzu zamewa yake yi. Likita ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ɗebi jini, sannan ta ce in kawo Mama da yarana duka a duba su. Ta ce yawanci ana warkewa in an gano da wuri, amma ba ta kalle ni ba da take faɗa. Sakamako sai mako mai zuwa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da take nema, amma ina jin tarin fuka take zargi. Yanzu madarar gwangwani nake ba shi, ki yi haƙuri.

Ki nemi izini a wurin aiki ki taho, kada ki jira Kirsimeti. Ba na so in koma wurin likitar nan ni kaɗai. Ina rubutun nan Gyang yana goye a bayana yana barci, ina jin numfashinsa yana ƙara kamar ana jan ƙofa.

Mama da Dachung da yara suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Kawu Pwajok da matarsa Firisila, amma kada ki gaya musu tukuna. Allah ya kawo ki lafiya, ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarki,
Loyis