Ƙarafan Kaltumi da Aka Goge da Toka

Zuwa ga Mai Girma Direktan Cibiyar Gwajin Ƙarafa, Garwa.
Daga Mahmudu Dawuda, ɗan kasuwa, unguwar Djamboutou.
Ranar 14 ga Maris, 2017.

Game da: Lalata kayan binciken 'yata Kaltumi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar da ta dace da muƙaminka, ga ƙorafina:

1. Kaltumi ɗalibar kimiyya ce, tana aikin digirinta a cibiyarku. Ni da furfurata na shiga boko, amma na zauna na saurare ta har na gane. Wasu 'yan ƙarafa gare ta, kowanne bai fi murfin kwalba ba. An kai su Turai aka sa a na'ura, aka yi ta feshe su da wata iska mai caji da ake kira plasma. Ƙwayoyinta suka dinga dukan fuskar ƙarfen har ya tsiro da wani gashi siriri, wanda sai babban madubin bincike ke nuna shi. Ido dai baƙi kawai yake gani, kamar gindin tukunya. Wannan baƙin shi ne binciken gaba ɗaya.

2. Ranar 2 ga Maris, ana shirin tarbar tawaga daga Yawunde, an shafa wa itatuwa farar ƙasa, an share ko'ina. Mataimakinka, Misye Célestin, ya ga abin kunya ne manya su tarar da ƙarfe mai dauɗa a kabad ɗin gilashi. Bai tambayi kowa ba, ya sa aka goge su da toka da lemun tsami, kamar tiren shayi. Aiki ya yi kyau, mutum har fuskarsa yake gani a ciki. An ce tawagar ta yaba.

3. Da Kaltumi ta same shi, sai ya shawarce ta da ta koyi tsabta. Ta juya ta dawo gida da ladabinta, ni na hore ta haka. Tun ranar uwarta ke fama da ita ta ci abinci.

4. A watan Yuni za ta kare aikinta gaban malamai. Ƙarfe ɗaya ya tsira, don ya faɗa bayan littattafai. Yanzu yana kabad ɗin, makullin na aljihun Misye Célestin, kuma na ji wata tawagar na tafe ranar 20.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a sanar da malamanta cewa ba ita ta yi ɓarnar ba. A kuma miƙa mata ƙarfen nan kafin ranar 20, da dauɗarsa yadda yake. Don Allah kada a ƙara taimaka mana.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mahmudu Dawuda